Na biya kuɗin manhajar shagona, shin ta zama tawa?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Na ba wani matashi aikin gina mini manhajar waya da shafin intanet da masu saye ke yin oda su biya. Aiki ya yi kyau, saura cikon kuɗi. Yanzu ya samu aiki a Legas zai tafi. Me zan karɓa a hannunsa don in tabbatar abin ya zama nawa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka riƙe cikon nan tukuna, domin biyan kuɗi kaɗai bai mallaka maka manhajar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta a sahun ayyukan rubutu, kamar littafi. Haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta, kuma ba ya komawa ga wani sai da takarda. Alat ɗin banki shaidar biya ce kawai. A yanzu kana kamar wanda ya biya kuɗin fili bai karɓi takardarsa ba.

Don haka ka sa lauya ya rubuta yarjejeniya, ko shafi biyu ne. A faɗi ƙarara cewa ya miƙa maka dukkan haƙƙin kod ɗin, wato rubutun umarnin kwamfuta da aka gina manhajar da shi, da zanen manhajar, da tambarin shago, har abada, kuma kana da ikon gyarawa, ko ba wani ya ci gaba da aikin, ko sayarwa. In ka yi wa kasuwancinka rajistar kamfani a CAC, a rubuta sunan kamfanin. Ka kuma tambaye shi abin da ba nasa ba ne a ciki. Kusan kowace manhaja a kan kayan kyauta ake gina ta, irin su Flutter ko Laravel ko WordPress, waɗannan kuwa ba zai iya sayar maka ba, suna da nasu sharuɗɗan. In akwai wani ɓangare da ya saba sa wa kowane kwastoma, ba laifi ya ci gaba da mallakarsa, amma a rubuta cewa kana da izinin amfani da shi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Inda 'yan kasuwa suka fi shan wahala kuwa shi ne asusu. Matasan nan, don saukin aiki, da imel ɗinsu suke buɗe komai. Ka buɗe imel na shago da lambar wayarka, ka zaunar da shi da kwamfutarsa, ku bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Kod ɗin ya koma asusunka na GitHub, wato shafin intanet da ake ajiye kod. Sunan shafin, ko .com ne ko .com.ng, a duba sunan wa ke kansa, domin ranar da wa'adinsa ya ƙare saƙon sabuntawa zai je wa mai imel ɗin ne, in bai gani ba shafi ya rufe. Haka sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da bayanai a intanet. A Play Store ka buɗe naka asusun, dala 25 ne sau ɗaya, Apple kuma dala 99 duk shekara, sai a mayar da manhajar can. Kada ka manta da makullin sa hannu na manhajar Android, wanda da shi ake tura sabon gyara. Asusun karɓar kuɗi, Paystack ne ko Flutterwave, lallai ya zama da sunanka da bankinka. Wannan ba na yarda a ɗaga shi zuwa gobe.

Da an gama, ka canza duk kalmomin sirri. Lambobin waya da adireshin kwastomominka amana ce a wuyanka, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ɗora maka nauyinsu, saboda haka ya goge duk kwafin da ke kwamfutarsa.

Kafin ka saki kuɗin, nemi wani masani daban ya ɗauki kod ɗin ya tayar da manhajar daga tushe. In ta tashi, ka biya yaron nan take, ba ja-in-ja, ka kuma bar shi ya riƙa nuna aikin ga masu neman sanin gwanintarsa. Ku yi ciniki kan 'yan watannin da zai riƙa duba matsala daga Legas, da abin da za ka riƙa ba shi, shi ma a sa a takardar.