Dannau ne ya kama ka, ba fatalwa ba

Ɗan'uwa, ka ce ka farka cikin dare ka kasa motsi, kana jin an danne maka ƙirji, ga wata inuwa tsaye bakin ƙofa, har kana tambaya ko fatalwar tsohon mai gidan ce. Ban raina tsoron da ka ji ba, amma wannan dannau ne, kuma likitoci sun san yadda yake faruwa.

A lokacin barcin da ake yin mafarki, ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa: ido a buɗe, jiki a ɗaure, sauran mafarkin kuma ya zubo cikin ɗaki. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a ɗalibai kuwa ya haura kashi 28.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowace al'umma da fuskar da take ba shi. A Newfoundland ta Kanada tsohuwa ce ke hawa ƙirji, wani masanin al'adu, David Hufford, ya rubuta littafi a kanta a 1982. A Masar aljani ake cewa, kuma masu bincike sun ga Misirawa sun fi mutanen Danmak firgita da shi. Tsoron kansa yana ƙara masa nauyi.

Ka riƙa samun isasshen barci, ka rage kwanciyar rigingine, addu'arka kuma kada ka bari. In yana yawan dawowa, ko barci na sace ka da rana, ka ga likita.