Gangamin keke zuwa Daura: in biya kuɗin rajista ko in ci gaba da atisaye ni kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nan da wata huɗu zan shiga gasar tirayatulon, wadda ake haɗa iyo da tuƙin keke da gudu. An shirya wani gangamin masu keke daga Katsina zuwa Daura, da motar rakiya da wuraren shan ruwa, amma sai an biya kuɗin rajista. Abokina ya ce asara ce, tunda ranar gasa ni kaɗai zan tuƙa. Sannan na ga wani keke na hannu mai ƙahonni biyu a gaba, irin wanda ake kwanciya a kai. In sayar da nawa in ciko in saye shi? Nawa na tsere ne, mai giyar Shimano Sora. Ƙaninka daga Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka biya, ka je. Sai dai abokinka bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa maka.

Ba ka ambaci zangon gasarka ba, to bari in ɗauka na Olamfik ne, wato iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, yadda ake yi tun da wasan ya shiga Olamfik a Sidni a 2000. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ce, ninki biyu ke nan na abin da ke jiranka. Wanda ƙafarsa ta taɓa cin 80, 40 ba ta firgita shi. Kuma kai ma ka sani, fita doguwar tafiya bayan gari kai kaɗai a wannan zamani ba shawara ba ce da zan ba ɗan'uwana. Kuɗin rajistar nan ba riga kake saye da su ba, mota kake saye wadda za ta tsare maka baya daga direbobin haya, da ruwan da ba sai ka goyo shi ba, da wanda zai kwashe ka idan kaca ta tsinke a dokar daji. Kafin ka biya ka tambaye su ko jami'an kiyaye haɗurra za su raka ku, da ƙarfe nawa za a tashi. In sun ce sai hantsi, riƙe kuɗinka.

Yanzu ga rabin abokinka. Wanda ya laɓe a bayan wani a kan keke, na gaba ne ke sare masa iska, yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. A tsakiyar ayari kuwa har ka riƙa sakin feda kana hira. Ni ma na taɓa ruɗuwa da haka. Wani hunturu na bi ayari muka nufi gabas, ina manne da tayar wani dattijo, ina ta yaba wa kaina. Sai tsidau ya huda mini taya. Kafin in canza tiyub sun ɓace. Na hau ni kaɗai, iskar nan ta arewa maso gabas ta tare ni a ƙirji kamar an dafe mini goshi, ƙura cike da baki, ina kallon akuya a bakin titi tana neman riga ni. Ranar na san ƙarfin aro nake taƙama da shi.

A yawancin gasannin da ba na ƙwararru ba, laɓewar nan laifi ce. A Ironman, gasar tirayatulon mai dogon zango wadda aka fara a Hawayi a 1978, tazarar mita 12 ake so tsakaninka da na gabanka, in ka shiga sai dai ka wuce shi, in ba haka ba alƙali ya tsayar da kai na wasu mintoci. Ka karanta dokar taka gasar. Shi ya sa nake so ka raba tafiyar. Farko ka zauna cikin ayari ka koyi riƙe layi da shan ruwa ba tare da ka karkace ba. Bayan zangon ruwa na farko ka ja baya, ka bar tazara, ka yi kilomita 20 ko 30 da ƙarfin kanka, a gudun da za ka iya magana gajeru-gajeru. Kada zafin 'yan gaba ya ɗebe ka. Su a Daura aikinsu ya ƙare, kai kuwa da saura.

Saurar ita ce takalmin gudu. Ka ba direban motar rakiya ya riƙe maka. Kana sauka, kafin hotuna da gaishe-gaishe, ka ɗaura shi ka yi gudun minti 15. Za ka ji cinyoyinka kamar an cika su da yashi, ƙafar kamar ta aro. Wannan jin shi ke karya sababbin shiga, kuma ba ya raguwa sai da maimaici. Rijiyar Kusugu ba inda za ta, ka je ziyara bayan ka gama.

Ka kuma gwada abin da za ka ci ranar gasa: gorar ruwa guda a kowace awa, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, da dabino ko ayaba duk bayan rabin awa tun kafin yunwa ta zo. Fura a bar ta sai an isa.

Batun keken kuwa, kada ka sayar da naka. Mai ƙahonnin nan ba a son shi cikin ayari, don hannunka na nesa da birki, masu shirya gangami da yawa ma ba sa yarda da shi. Ga ramuka, ga 'yan acaɓa, ga shanu na tsallaka titi. In kuma jikinsa na kabon ne ba na ƙarfe ba, tsagewarsa na iya ɓuya ƙarƙashin fenti, mai sayarwa ba zai nuna maka ba. Sora ta ishe ka kilomita 40. Kuɗin cikon ka sayi hular kwano mai kyau, tayoyi sababbi, tiyub biyu, ƙaramin famfo da wando mai soso. Ka kai wa mai gyara ya duba kaca da birki sati guda kafin tafiyar, ba daren jajibiri ba, ya kuma daidaita maka sirdi yadda gwiwarka za ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda ta kai ƙasa. In har ƙahonnin na ranka, akwai waɗanda ake ɗaurawa a kan yawancin kekunan tsere da kusoshi, a cire in an ga dama, kuma ba su kai kuɗin keke ba ko kusa. Su ma sai bayan gangamin.

Abin da ba ka tambaya ba shi ya fi damuna: ina kake iyo? A rubuto mini, don a Katsina wannan ya fi keke wuyar samu.