Me ya haɗa "haddi" da "wuce haddi"?

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya: idan alƙali ya sa a yi wa mutum bulala sai mu ce an yi masa haddi, idan kuma yaro ya cika fitina mu ce ya wuce haddi. Shin kalma ɗaya ce, ko dai kama ce kawai?

Kalma ɗaya ce, ɗan'uwa. Daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta iyaka, kamar iyakar gona. Wanda ya wuce haddi ya tsallake iyaka, kusan daidai da wuce gona da iri. Hukuncin sata da zina da ƙazafi kuwa an kira shi haddi ne saboda an riga an yanka masa iyaka. Yau kunnenmu tsanani kawai yake ji a kalmar, har mun manta cewa iyakar nan ta ɗaure mai hukunci shi ma. Bulalar ƙazafi 80 ce a Suratun Nur, kuma ba alƙali ko sarkin da ya isa ya mai da ita 81 don ransa ya ɓaci. Malamai sun ƙara da cewa shubuha na kawar da haddi, wato in akwai kokwanto a hujja, ba a zartar da shi.

Inda hannun hukuma yake miƙewa shi ne ta'aziri, horon da aka bar wa mai mulki ya auna da kansa: tara, ɗauri, bulala, tsawatarwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an yarda ta'aziri ya zarce adadin haddi in shugaba ya ga maslaha, alhali wasu mazhabobin sun taƙaita shi. A ganina nan ne ya fi buƙatar tsoron Allah, domin ƙofa ce mai faɗi, kuma mai iko bai cika ganin ikonsa ya yi yawa ba.

Dokar zamani ma ta kafa nata haddin. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba, ya hana hukunta shi kan abin da ba laifi ba ne ranar da ya aikata, ya kuma hana ɗora masa horon da ya fi na wancan lokacin nauyi. Ba a banza aka rubuta haka ba. Gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20 a 1984, ta sa ta yi aiki har kan abin da ya riga ya wuce, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi. Aƙalla ɗaya daga cikinsu, lokacin da ya aikata laifin, hukuncinsa ba kisa ba ne. Laifi sun yi, babu musu, amma a wannan shari'ar hukuma ce ta wuce haddi.