Ganyen furena na ɗaki yana zama rawaya, me zan yi?

Tambaya: Malam, ina zaune a Agege. Wata huɗu da suka wuce na sayi wani fure mai yaɗo, mai ganye kamar zuciya da ɗigon rawaya, na rataye shi a falo. Kullum da safe nakan ba shi ruwa, amma ganyen ƙasa sai zubewa yake yi, reshen ya yi tsawo babu ganye. Ko taki ne ya yi masa kaɗan?

Amsa: Hajiya, ba yunwa ce ke damun furenki ba, ruwa ne ya yi masa yawa. Daga kwatancenki, wannan shi ne fotos, wanda masana ke kira Epipremnum aureum, asalinsa tsibirin Mo'orea ne a tekun Pasifik. A can yana hawa bishiyoyi ne a cikin inuwa, saiwarsa kuma ba ta son zama cikin caɓi.

Mu da muka taso a Arewa mun saba da ba shuka ruwa safe da yamma, domin ranar Kano ko Sakkwato ba ta barin ƙasa da laima. Legas daban take. Iskar nan cike take da danshi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, don haka tukunyar da ke cikin ɗaki takan yi mako guda ba ta bushe ba. Idan ana ƙara ruwa kullum, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi laushi kamar mai jin ƙishi. Nan ne mutane ke ruɗewa su ƙara ruwa.

Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyi, ki bar shi. Sai ta bushe za ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Da hunturu, Disamba da Janairu, ƙasa ta fi saurin bushewa, kuma sai ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu dai ki zare shi daga tukunyar ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙarfi. Wadda ta yi baƙi, ta yi taushi tana wari, ki yanke ta. Yawancin masu sayar da furanni a bakin titi baƙar ƙasa mai danƙo suke cikawa, wadda ke riƙe ruwa kamar laka. Ki haɗa ta da yashi mai tsakuwa, da gutsattsarin gawayi, da ɓawon kwakwa da aka daddatsa aka jiƙa aka wanke. Tukunyar kuma dole ta kasance da huda a gindi, ko da bokitin fenti ne.

Tsawon reshe babu ganye kuwa ƙarancin haske ne, kuma shi ke sa ɗigon rawayan nan mai kyau ya ɓace, ganye ya koma kore zalla. Ki matsar da shi kusa da taga, bayan labule mara kauri, kada rana ta doke shi kai tsaye.

Reshen da ya yi sanƙo ba zai sake cika ba, ni dai yanke shi nake ba da shawara. Ki datsa shi gunduwa-gunduwa, kowane da gaɓa ɗaya, da ganye in akwai, domin a gaɓar ce saiwa ke fitowa. Ki tsoma a kwalbar ruwa, cikin mako 2 zuwa 4 za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa uku ko huɗu a tukunya ɗaya don ta cika da ganye. Ki riƙa canja ruwan kwalbar bayan kwana uku-uku, kada ki yi wa sauron Agege gidan haihuwa. Maganar taki ki ɗage ta sai ya fara sabon toho.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: fotos danginsu ɗaya da gwaza, kuma kin san yadda ɗanyen gwaza ke ƙaiƙayi a maƙogwaro. Yaro ko mage in suka tauna ganyen, baki zai yi zafi ya kumbura. Ki ɗaga shi inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, ki wanke hannu bayan kin yanka.