Hukuncin gina filin ƙwallo da dukiyar jama'a alhali gari na fama da ƙishirwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, gwamnatin jiharmu ta ce za ta gina katafaren filin wasan ƙwallo. Mu kuwa a unguwarmu famfo ya shekara bai ɗiga ba, kullum da asuba muna tsaye bakin titi muna jiran 'yan garuwa, yaranmu kuma a ƙasa suke zama a aji. Shin ya halatta a kashe kuɗin jama'a a wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wasa shi kansa ba haramun ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a masallacin Annabi (SAW), Nana A'isha tana kallo ta bayansa, kuma ya shirya tseren dawakai a Madina. Ke nan attajirin da ya gina fili da aljihunsa babu laifi a kansa, muddin ba a mayar da wurin dandalin caca ba, ba a kuma tozarta salla.

Dukiyar baitulmali kuwa hukuncinta daban. Shugaba wakili ne a kanta, ba mai ita ba, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce duk abin da zai zartar a kan talakawa yana rataye da maslaharsu. Maslahar ma hawa-hawa ce: akwai larura, kamar ruwan sha da magani da tsaro, akwai buƙata, sannan akwai ƙawa. Filin ƙwallo a hawa na uku yake. An ruwaito cewa masu hidimar Ka'aba sun rubuta wa Umar ɗan Abdul'aziz suna neman sabuwar riga ga Ɗakin Allah, sai ya amsa musu cewa ya ga ya fi dacewa ya sa kuɗin a cikkunan mayunwata. To, idan rigar Ka'aba ta jira, ina ga ciyawar fili?

Masu kare aikin kan ce zai jawo kuɗin shiga. Sai mu ce a kawo lissafi. Filin wasa na Abuja, mai ɗaukar mutum sama da 60,000, an gina shi domin wasannin Afirka na 2003, amma ya lalace har sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa. Na Surulere a Legas ma haka aka bar shi shekara da shekaru. Zato ba ya ture yaƙini.

Saboda haka, a halin da ka bayyana, bai halatta a fifita wannan gini a kan ruwa da ajujuwa ba. Idan da bashi mai ruwa za a yi shi, laifin ya zama biyu. Kuɗin zakka kuwa ba su shiga nan ko kusa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige masu cinta. Amma share wa matasan unguwa ɗan fili su buga tamaula da yamma, maimakon zaman majalisa da shaye-shaye, wannan kuɗinsa kaɗan ne, kuma ina ganin har lada za a samu.

Ku tara dattawan unguwa ku kai koke a rubuce ga ɗan majalisarku, ban da zagi, ban da ƙona taya. Wallahu a'alam.