Abin da ya sa na hana shi kafso

Jiya da muna rufe kemis ka tambaye ni me ya sa na ƙi sayar wa mutumin nan kafson Ampiclox, alhali yana ta atishawa, ga kuɗinsa a hannu. To saurara, ɗana.

Mura ce kawai, irin wadda hunturu ke kawowa. Ƙwayar cuta ta bairos ce ke haddasa ta, kafso kuwa ba ya taɓa shi. Cikin kwana 7 zuwa 10 take wucewa da kanta. In ana ɗirka kafso ba dalili, ranar da ake neman taimakonsa sai ya ƙi ci. Farasitamol na ba shi, na ce ya yawaita ruwan ɗumi. Ka ji na tambaye shi ko ya sha Procold a gida? Akwai farasitamol a ciki. Sai mutum ya haɗa biyun bai sani ba, hanta ce ke shan wahala. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a yini.

Tari ne ya fi tayar mini da hankali, musamman na yara. Ranar kasuwar Gujungu uwa za ta shigo da goyo, ta ce a ba ta na tari. Kada hannunka ya riga idonka. Ka sa ta ɗaga masa riga, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan ya fi ƙarfin kantarmu, asibiti za ta nufa nan take. Zuma na lafar da tari, amma ban da jaririn da bai shekara ba. Wanda tarinsa ya kai mako 2 yana ramewa, ka tura shi gwajin tibi, kyauta ne a asibitin gwamnati. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 aka haramta shi. Duk saurayin da ya yi maka raɗa a kansa, ka ce babu.

Na ƙwarnafi da sauƙi, Mist Mag, farin ruwan maganin nan, ya wadatar. Sai dai ka tambayi mutumin ko yana shan diclofenac don ciwon jikin gona, domin shi ke cin ciki. In bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, mai yiwuwa jini ne, ka tura shi asibiti.

Gobe duk wanda ya fara shigowa, kai za ka yi masa tambayoyin, ina gefe ina jinka.