Amsa kan jirgin da hazo ya hana sauka a Birnin Kebbi

Malam, ka ce jirginku ya zo sararin Birnin Kebbi ya yi ta shawagi, ƙarshe ya koma da ku Abuja wai saboda hazo, alhali ko ɗigon ruwa babu, kana tambaya ko wayon kamfani ne. Na daɗe ina aiki a filin jirgi, kuma duk hunturu sai mun sha wannan ƙorafin.

Hazo idon matuƙi yake rufewa. Kai da ke tsaye a Ambursa, inda filin jirgin yake, kana hango bishiyoyi, shi kuwa ta cikin ƙura yake leƙowa daga sama, ga gudu ya haura kilomita 200 a awa. Ma'aikatan NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ke auna nisan da ido ke iya gani su sanar da hasumiyar da ke ba jirage umarni. In matuƙi ya sauko zuwa tsayin da aka ƙayyade bai ga titin sauka ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama, ko da gwamna ya ɗauko.

Ni dai hazo bai cika tsorata ni ba, don tun safe ake ganinsa. Hadari ne abin tsoro, musamman na farkon damina. Iska kan zubo daga cikinsa da ƙarfi, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgi mai sauka sai ya fara cin karo da ita ta gaba, ta ɗaga shi, matuƙi ya rage wuta. Kafin ya ankara ta danno shi ta sama, ta koma bayansa, fikafikai su rasa abin da ke riƙe da su, ga ƙasa dab. Irin wannan iska na cikin abin da ya kayar da jirgin Sosoliso a Fatakwal a Disamba 2005, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta. Ita ce kuma ta samu jirgin ADC a Abuja a Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansa, sai dai shi wajen tashi ne.

Ga kuma ruwa in ya kwanta a titi, taya ta yi ta sulɓi, birki ya ƙi ci.

Batun wayo kuwa, komawar nan asara ce ga kamfani, mai ya ƙona a banza. In kana da ɗaurin aure a Argungu tsakanin Disamba da Fabrairu, ka taho da kwana guda a hannu.